Zoben da Auta Ta Ƙi Cirewa

"Cire zoben nan, Auta."

Hannunta ya tsaya cak a kan filon da take gyara masa a gadon asibiti.

"Me ka ce?"

"Kin ji ni. Ki cire ki ba Yayana... na yafe miki alkawarin."

Saurayin nata, wanda ake kira Kafinta, ya juya fuskarsa bango. Tun ranar da ya faɗo daga saman gidan da yake yi wa rufi, ƙafafunsa suka daina motsi. Likita ya ce jijiyar baya ce ta bugu, ba ta tsinke ba, mai yiwuwa ya tashi, mai yiwuwa kuma a'a. Ga shi an riga an sanar da aurensu a coci.

Auta ta ja da baya har bakin taga, ta ɗaga yatsanta.

"Da hannunka ka saka min. In kana so, taso ka cire."

"Kada ki yi min ba'a!"

"Wallahi ba ba'a ba ce, masoyina. Ga ni nan, taho."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ita ma hawayen sun cika mata ido, amma ta ƙi bari su zubo a gabansa.

A gida ta tarar da Mama tana guga. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yayansa ya zo. Ya ce yaron da kansa ya haƙura. Ke ma ki haƙura."

"Mama..."

"Ba ƙinsa nake yi ba, Allah ya sani. Amma ni na yi jinyar babanki har ya cika. Na san ɗaga namiji, na san wanke shi yana kukan kunya. Ke me kika sani ban da gyaran gashi?"

"Kin yi nadama, Mama?"

Mama ta ajiye dutsen gugar. 

"Ban yi ba. Amma ban roƙa wa 'yata irin wannan ba."

"To ki taya ni roƙon wani abu daban."



Kullum da safe, kafin ta buɗe shagonta, Auta sai ta biya asibiti. Ta durƙusa a gefen gado, ta kama hannunsa mai kanta.

"Ya Yesu, Kai da ka ji tausayin guragu, ga naka nan. Ka taɓa shi. In ma za ka jinkirta, kada ka bar zuciyarsa ta mutu."

Sai ta jira ya ce amin.

"Na gaji da cewa amin," ya ce.

"Ba komai. Zan faɗa mana mu biyu. Amin, amin!"

Makonni suka shuɗe. Mai gashin ƙashi ya murza, ya lanƙwasa, ya miƙar, ƙafa shiru. Wata rana Auta ta fito ta jingina da bangon baranda ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska a famfo, ta koma ciki tana dariya.

Wata safiya ta turo ƙofa, sai ta tsaya turus. Mama ce zaune a ƙarshen gadon, ta ɗora tafin ƙafarsa a cinyarta tana shafa masa mai.

"Kin tsaya kallona? Zo ki koya," in ji Mama. Ta dubi Kafinta. "Kai kuma ɗana, ka daina kore min yarinya. Mijina bai tashi ba, amma Ubangiji bai bar mu ko rana ɗaya ba. Rufe idonka."

Ta yi addu'a. Da ta kai ƙarshe, muryar Kafinta a dishe ta riga su:

"Amin..."

Ba ranar ya motsa ba. Sai da aka ƙara jira kafin babban yatsa ya amsa, sannan gwiwa. Ya faɗi tsakanin ƙarafan koyon tafiya, ya tashi, ya sake faɗuwa. Auta na gabansa tana tsokana:

"Haba ango! Haka za ka bar ni in yi rawa ni kaɗai?"

Ranar aure a keken guragu Yayansa ya turo shi har gaban bagade. Fasto ya sunkuyo don ya miƙa masa makirufo, Kafinta ya girgiza kai. Ya karɓi sandunansa, ya cije leɓe, ya yunƙura.

Coci ta yi tsit. Gumi ya keto masa, ƙafafun na karkarwa, amma ya miƙe.

"Yi sauri, Fasto," ya ce yana haki, idonsa a kan Auta. "A tsaye nake so in ce na yarda."