Motar da Ba Ta Shan Mai

Ranar sunan jaririn Anti Tchima ne Dalila ta fara ganinsa. Gaskiyar magana motarsa ta fara gani, don ba ta ji zuwanta ba. Tana tsallaka farfajiyar gidan rungume da kular hura, sai ta waiga ta ga hancin wata farar mota dab da zanenta, shiru kamar kyanwa mai sanɗa. Ta yi tsalle gefe, murfin kula ya faɗi, hura ta fantsamo mata a hijabi.

Saurayin ya fito da sauri, hannu biyu a kai.

"Subhanallahi! Yi haƙuri, 'yar'uwa. Wallahi laifin motar ne, ta lantarki ce, ba ta da murya."

"Ita ba ta da murya, kai ma ba ka da ita?" Ta faɗa a hankali, kanta a ƙasa. Ita kanta ta yi mamakin bakinta, domin Dalila ba mai doguwar magana ba ce ko da mata 'yan'uwanta.

Ya yi dariya, ya sunkuya ya ɗauko mata murfin. Sunansa Husaini, ɗan Kano, yana aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya kusa da filin jirgi. Kafin a watse ya samu lambarta a wurin Anti Tchima, ƙanwar mahaifinta, wadda ba ta iya ganin alheri ta bar shi ya wuce.

Saƙonsa na farko ya iso da la'asar: "Salam Mai Hura. Ina fata hijabin ya wanku. In bai fita ba, bashi ne a kaina."

Ta daɗe tana gogewa tana sake rubutawa, sannan ta tura: "Ya fita, Sarkin Sanɗa. Gobe ka riƙa yin sallama."

Dalila tana zaune a Pleasant Garden, wani ƙaramin gari kusa da Greensboro can ƙasar Turawa, da mahaifinta, Alhaji Nouhou, a gidan da yayanta direban tirela ya saya ya zuba su, shi kuwa kullum yana kan hanya. Gida ne mai fili da itatuwa, amma bas ba ta biyowa ta ƙofarsu, ita kuma ba ta iya tuƙi ba. Alhaji, wanda a da yake da motocin haya tsakanin Maraɗi da Yamai, ciwon ido ya raba shi da sitiyari. Dalila kuwa daga kicin sai taga, daga taga sai sallaya. Wata rana takan wuni ba ta ga kowa ba sai mai kawo wasiƙu.

Don haka da Husaini ya zo da kawunsa suka gaida Alhaji, aka ba shi izinin zance ran Lahadi, sai Lahadi ta zame mata ƙofa. Suna zama a baranda, tazara tsakaninsu, yana ba ta labari tana wasa da bakin mayafi.

Tun a zama na biyu ya gaya mata gaskiya. "Motar nan ba tawa ba ce, Mai Hura. Lis na yi, wato haya ta shekara uku. Dillalin ya ce gwamnati na ba da rangwame kuma ya kusa ƙarewa, abin da zan riƙa biya a wata bai kai abin da tsohuwar motata ke ci a mai da gareji ba. Na sa hannu ina murna."

"To ai ka huta," in ji ta.

Ya yi murmushi kawai, ya canja magana.

Akwai al'adar da dattawan Greensboro suka taho da ita daga gida. In yaro ya kai babba unguwa a motarsa, babban yakan dunƙule wani abu ya tura masa a aljihu ya ce ga na mai. Yaron ya ƙi, babban ya rantse, a ƙarshe a karɓa. Da labari ya bazu cewa motar Husaini ba ta shan mai, sai kowa ya ga banza ta faɗi. Mai zuwa filin jirgin Charlotte, Husaini. Mai ta'aziyya a Raleigh, Husaini. In sun sauka sai su dafa kafaɗarsa su ce, "Allah ya yi albarka, ai taka ba ta shan mai."

Wanda ya fi kowa shiga kuwa Alhaji Nouhou ne. Duk mako ana duba idonsa a wani asibiti a Durham, kuma tun da Husaini ya fara neman 'yarsa, shi ke kai shi. Wane saurayi ne zai buɗe baki ya ce wa uban budurwarsa a'a?

Sai Lahadi ta fara ramewa. Yau ya zo, mako mai zuwa ya ce aiki. Daga baya ma sai saƙo kawai.

Ta rubuta: "Na dafa dambu da zogale. Ya huce."

Ya amsa: "Ki yafe ni, hasken idona. Zuciyata tana barandarku, ƙafata ce aka ɗaure."

"Wa ya ɗaure ta?"

Ta gaji da jira, ta kifa wayar a kan gado ta koma taga. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ranar asibiti ba ya taɓa makara. Zai tsaya a waje, ya buɗe wa Alhaji ƙofa, ya ɗaga mata hannu daga nesa. Ga mota, ga lafiya, ga hanya ya sani. Ita ce dai ba ya son gani ke nan?

Ana cikin haka Faïçal ya fara zarya. Ɗan abokin Alhaji ne daga Maraɗi, yana da shagon gyaran motoci da gida a Summerfield, da wata ƙatuwar mota mai ruri tun daga kwanar titi. Wata rana Dalila tana kicin ta jiyo shi a falo.

"Bon, Alhaji, ba gulma ba ce, amma motar yaron nan ta kamfani ce. Ran da wa'adi ya cika za su karɓe abarsu, ya koma ƙasa. Ko taya ɗaya bai mallaka ba."

Bayan ya tafi Alhaji ya kira ta. "Kin san da wannan?"

"Na sani, Baba."

"Kayan aro ba ya rufe katara, Dalila. Ya zo mini da abin mutane yana ƙyalli, yanzu kuma ko zancen ya daina zuwa. Ba zan tilasta miki kowa ba, amma hannuna ba zai ba wannan yaron ke ba. Asibiti ma Faïçal ya ce shi zai kai ni."

Ta ce "To, Baba," ta koma ɗaki ta yi kukanta a cikin filo.

Ranar asibiti Alhaji ya shirya tun da hantsi, ya zauna a baranda da sandarsa. Likita ya ce wannan karon a zo da mai riƙe shi, don haka Dalila ma ta sa hijabi. Can sai wayar Alhaji ta yi ƙara, ya miƙa mata ta karanta masa. Faïçal ne: "Pardon Alhaji, aiki ya taso a gareji. A ɗaga zuwa wani makon."

Ba ta gama karantawa ba ta ɗaga kai ta ga farar motar tsaye a bakin baranda. Ba wanda ya ji shigowarta. Husaini ya fito ya durƙusa.

"Baba, an ce an samu mai kai ka. Na ce bari dai in leƙo, ko da wani abu."

Alhaji ya yi gyaran murya ya shiga.

Da aka shiga da Alhaji, ma'aikaciyar ta ce su jira a waje. Husaini ya ja motar zuwa wurin caji a ƙarshen filin, ya jona ta. Dalila tana kujerar baya, gilashi a sauke.

"In ka gaji da ni, ka faɗa mini," ta ce. "Na saba zaman taga."

Ya juyo da sauri. "Ni? Dalila, dubi nan." Ya nuna mata wata lamba a allon gaban motar. "Wannan ita ce igiyar da na ce miki. A yarjejeniyar, mil dubu goma aka yarda in yi a shekara. Duk mil ɗin da ya hau kai, sai na biya tara ran da zan mayar da ita. Na cinye na bana tun kafin azumi, yanzu na baɗi nake ci."

"To ka mayar musu da abarsu mana."

"Na je. Suka ce fita ta fi zama tsada. Gidan da nake haya ba wurin jona ta, sai irin wannan na kan hanya, shi kuma kuɗinsa ya kusa na mai. Inshora ta hau. Jiha ma tana karɓar nata duk shekara, tunda ba na sayen mai. Na shiga da ƙafata, ƙofa ta rufe." Ya sunkuyar da kai. "Na rasa tafiyar da zan yanke. Ta aiki ba ta yankuwa. Ta dattawa, da wane baki? Ta Baba kuwa ko a mafarki. Tafiya ɗaya ce tawa ta kaina, ita ce zuwa wurinki. Ita na yanka, kuma ita ce ta fi ciwo."

Hawaye suka zubo mata. "Sarkin Sanɗa, har wahalarka ma ba ta da murya?"

"Don Allah kar Baba ya ji. Kunya za ta kashe ni."

Ba ta yi masa alkawari ba.

Da suka dawo, Alhaji ya sauka ya ce kamar kullum, "Madalla. Ai taka ba ta shan mai." Husaini ya ce, "Haka ne, Baba," ya tafi.

Bayan la'asar Dalila ta zo ɗiga wa mahaifinta magani. Ya kwantar da kai, idanunsa a rufe. Wataƙila don ba ya kallonta ne ta samu ƙarfin hali.

"Baba, da kana da motoci, in mota ta je Yamai ta dawo, mai kaɗai take ci?"

"Wane irin mai kaɗai? Taya fa? Inji fa? Hanya ita ke cin mota, 'yata."

"To ta Husaini ma hanya ke cin ta. Ƙirga masa ake yi." Ta kwashe komai ta gaya masa, tana yi tana haɗiye kuka. "Lahadita ya yanka, Baba, don ya kai ka Durham."

Ruwan da ya gangaro wa Alhaji ta gefen ido ya fi ƙarfin maganin da ta ɗiga.

"Duk zamana a tasha," ya ce a hankali, "ban taɓa yarda a hau motata kyauta ba, sai gawa da mai naƙuda. Yau ni ne na hau ɗan mutane har na ƙare masa hanya, sannan na zauna ina kiransa mai kayan aro. Kira mini shi."

Husaini ya zo washegari, ya zauna a ƙasa, gumi na keto masa.

"Ɗana, me ya hana ka faɗa?"

"Baba, ai kai uba ne."

"Uba mai hawan bayan ɗansa bai sani ba. Bon. Motar ta kamfani ce, na ji. Amma wanda ya zo ƙofata jiya bayan na kore shi, wannan halin nasa ne, ba haya ya ɗauko ba. Ka turo kawunka. Kuma ga gareji can da soket a bango, ka riƙa kawo ta tana shan wuta a nan. Kafin ta ƙoshi ka yi zancenka."

Soket ɗin gida a hankali yake ba da wuta. Anti Tchima ta ce ita ba ta taɓa ganin mota mai ci ba ƙoshi irin wannan ba, kullum ka zo tana jone, mai ita yana baranda.

Ran Juma'a Alhaji ya tsayar da dattawa a ƙofar masallaci ya yi musu bayani, ya fara da laifin kansa. Aka yi ta salati. Daga ranar ya koma bin motar wani maƙwabci mai aiki a Durham, yana kuma tura masa na mai ko ya ƙi.

An ɗaura aure bayan babbar salla, a kan sadaki mai sauƙi. Faïçal ma ya zo, ya yi wa ango murna. Bayan fatiha dattawan nan suka yi layi, kowa ya dunƙule hannu ya tura a aljihun babbar rigar Husaini.

"Ga na mai, ango. Na Charlotte ne."

"Ga na Raleigh. Kar ka yi mini gardama, na rantse!"

Husaini sai hawaye da dariya.

Gidan da suka kama ƙarami ne, a bayan layin Alhaji, da soket a bakin ƙofa. Da aka kawo amarya, mata suka watse, ya zauna kusa da ita ya ɗaga mayafin a hankali.

"Mai Hura, har yanzu fa ina ɗaure. Da sauran shekara biyu."

"To mu zauna a ciki tare," ta ce, ta ɗago ido ta dube shi sosai a karo na farko. "Ai yanzu zuwa wurina ba ya cin ko mil ɗaya."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya buɗe musu kowace ƙofa da ta rufe. Amin.