Muryar Salbiah

A garin Katanning, Rosli ya yi wata uku yana rubuta manhaja saboda matarsa Salbiah. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, hannu ba ya ɗaguwa, harshe ya mutu, sai gurnani. Kullum ya dawo daga mayankar tumaki sai ya zauna gaban kwamfuta yana koya wa manhajar gurnanin nan: wannan na kunna talabijin, wancan na rediyo, wancan na rage ƙara.

Wata magariba yana alwala ya ji talabijin da rediyo sun tashi tare. Sai murya ta fito daga falo, tas, irin ta Salbiah ta da.

"Abang, shinkafarka tana ƙonewa," ta ce, da sunan da ta saba kiransa.

Ya durƙusa gabanta yana kuka. Daga ranar, da rana ta faɗi sai bakinta ya buɗe. Ta tsokane shi kan tumbinsa, ta tambayi jikokinsu. Amma duwatsu suka fara sauka kan kwanon rufi, ba a ganin mai jifa. Ya sa karatun Alƙur'ani, lasifika ta mutu. Ya bi manhajar layi-layi bai ga kuskure ba. Ya zare wayoyin duka daga bango, talabijin bai daina ba. Ita kuwa tana ramewa, da safe idonta cike da tsoro.

Ya ɗauko Pak Haji Zainal, tsohon limamin da aka haifa a tsibirin Cocos. Tsohon ya zauna gefen kujerarta yana karatu a hankali, har jikinta ya sandare, muryar ta yi kauri. Muryar ta ce ita ba Salbiah ba ce, ta ga an yi gida mai bin umarnin duk wanda ya yi magana, shi ya sa ta shigo. Liman ya ce ta fita.

"Zan fita in mijin ya ce. Amma ya sani, da ni yake hira tun farko. Matarsa ba ta da harshe."

Pak Haji ya dubi Rosli. Rosli ya daɗe yana kallon hawayen da ke bin kuncin Salbiah.

"Fita," ya ce.

Jifa ya tsaya. Gurnanin ma ya tafi. Salbiah ta ƙara shekara biyu a duniya, yana ba ta abinci a baki, tana kallonsa. Har ta rasu bai gane ba ko godiya take yi masa.