Amshin da Kanari Ya Rera

Akwai wani yaro ɗan aji shida da ake kira Kanari, saboda zaƙin muryarsa. In ya buɗe baki a taron safe, har masu surutun baya sai su yi tsit. Kai, Allah ya ba shi murya! Sai dai fa akwai shi da son yabo.

Amininsa ɗan tela ne. Kullum aka tashi makaranta tare suke wucewa shagon telan. Kanari yakan rera waƙa tun daga nesa, ƙanwar amininsa, 'yar shekara huɗu, ta rugo ta buɗe ƙofa tana tsalle.

Wata rana wani saurayi da ake ce wa Gatari ya tare shi a hanya. Mawaƙin gambarar zamani ne, irin ta 'yan daba, mai cike da zancen wuƙa da barazana.

"Ƙanena, faifai zan fitar," in ji Gatari. "Na gayyato manyan mawaƙa, kowa zai sa baitinsa. Muryar yaro ce kawai ta rage. Za ka yi mana amshi?"

Nan take kan Kanari ya kumbura. Ya amince, ko gida bai je ya tambaya ba.

Situdiyon wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon aski. An manne bangonsa da soso, ga warin taba. Mai haɗa kiɗa ne kaɗai a ciki.

"Ina sauran mawaƙan?" in ji Kanari.

"Ai ba tare ake yi ba. Kowa yakan zo ya yi nasa ya tafi, ni kuma in haɗa. Kai dai yi naka, layi biyu ne."

Kanari ya so ya ce a kunna masa baitocin sauran ya ji. Amma ya ji tsoron kada a ce shi yaro ne. Sai ya matsa gaban makirufo ya rera:

"Ga mu nan tafe, ga mu nan tafe,
Buɗe ƙofa, ga mu nan tafe."

Shi a ransa, waƙar baƙi ce da suka zo ziyara.

Da faifan ya fito, a bakin shagon aski Kanari ya fara jin waƙar. Wata murya mai kaushi ce ta fara: "Tela mai kai ƙara, ka kai mu wurin 'yan sanda, yau da zarenka za mu ɗinke bakinka." Sai ga muryarsa ta biyo baya, tangaran: "Buɗe ƙofa, ga mu nan tafe."

Nan Kanari ya gane baban amininsa ake nufi. Ashe telan ne ya kai ƙarar abokan Gatari, da suka ƙwace wa wata mata waya a ƙofar shagonsa.

Washegari amininsa bai zo makaranta ba. Da ya dawo, sai ya canza benci.

"Me na yi maka?" in ji Kanari.

"Samari sun zo shagonmu da duwatsu. Baba ya kulle ƙofa. Suka kunna waƙar a waya. Ƙanwata ta ji muryarka, ta ce, 'Baba, Kanari ne!' Kafin mu riƙe ta, ta zare sakata."

Aminin ya goge hawaye. "Dutsen farko a goshinta ya sauka. Tana asibiti."

Kanari ya koma gida da kuka. Ya faɗa wa mahaifiyarsa komai.

"Innalillahi! Ka ji waƙar duka kafin ka sa bakinka?"

"A'a, Umma. Nawa kawai na yi. Ban zagi kowa ba."

"Ba ka zagi kowa ba, amma muryar wa ta buɗe musu ƙofa?"

Ta ja hannunsa zuwa situdiyon. Mai haɗa kiɗa ya sunkuyar da kai. Ya ce 'yan sanda sun riga sun kama Gatari da masu jifan.

"Zan goge muryarsa daga faifan, Hajiya. Amma wadda ta shiga wayoyin mutane, wallahi ba ni da iko da ita."

Daga nan suka wuce asibiti. Yarinyar na kwance, an naɗe kanta da bandeji. Kanari ya durƙusa gaban tela.

"Baba, ka yafe mini. Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba, ɗana. Amma da ka tambaya, da ka sani. Tashi, na yafe."

Yarinyar ta buɗe ido. "Kanari, ran nan na buɗe, ban gan ka ba."

Kanari ya tashi daga durƙuson. Amininsa ne ya matsa, ya ba shi wuri a bakin gado.

Yarinyar ta warke sarai, sai ɗan tabo a goshi. Kanari ya ci gaba da waƙa a taron safe. Amma duk wanda ya nemi muryarsa, sai ya ce, "Kunna mini in ji daga farko har ƙarshe, sannan in tambayi Umma."

Yara, kada ku sa bakinku a cikin abin da ba ku san farkonsa da ƙarshensa ba. Shi Kanari ba ya mantawa, don kullum mai tabon ce ke buɗe masa ƙofa.