Gyaɗar Yaya Mahfuza

Akwai wata yarinya 'yar aji shida a garin Batsari. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata.

Tana da yaya mai suna Mahfuza. Mahfuza tana karatun aikin gona a wata ƙaramar jami'a. Ɗaliban jami'ar ba su da yawa. A ajinsu Mahfuza su goma sha tara ne, malamai sun san kowa da sunansa. Ta shiga shekarar ƙarshe. A wannan shekara dole kowane ɗalibi ya yi bincike nasa na kansa, ya rubuta abin da ya gano, kafin a ba shi digiri.

Mahfuza ta zaɓi gyaɗa. Ta karɓo iri uku daga jami'a, ta shuka a gonar Babansu da ke Karare. Kowane iri da kunyoyinsa daban. Tana so ta san wanne ne ya fi yin 'ya'ya idan ruwan sama ya ɗauke da wuri. Duk damina tana zirga-zirga tsakanin makaranta da gona, tana auna tsayin ganye, tana rubutawa a littafi.

Da kaka ta yi, aka cire gyaɗa, aka tsinke, aka kawo gida. Mahfuza ta shimfiɗa tabarmi uku a tsakar gida. Ta shanya kowane iri a tabarmarsa, ta danne takarda mai lamba da dutse a gefen kowacce.

Ran Asabar da hantsi Mahfuza za ta tafi Safana aro sikeli. Inna ta tafi barka a maƙwabta, Baba kuma yana kasuwa. Sai Mahfuza ta kira Auta, ta ce ta zauna ta tsare mata shanya har ta dawo.

"Kada ki bar komai ya taɓa su," in ji ta. "Kuma ko ɗaya kada ta tsallaka daga wannan tabarma zuwa waccan."

Auta ta ce to. A ranta kuwa tana ganin duk gyaɗa ai gyaɗa ce.

Ba a jima ba ƙawarta Tasalla ta leƙo, ta ce ana 'yar gala-gala a ƙofar gida. Auta ta ce za ta yi zagaye ɗaya kawai ta dawo. Ta fita, ta bar ƙofar zaure a buɗe. Zagaye ɗaya ya zama biyar.

Da ta dawo, ta tarar da awakin maƙwabta biyu a tsakar gida. Ba su ci da yawa ba, amma sun tattake tabarmin, sun watsa gyaɗar ko'ina. Ta kore su, ta tsaya tana kallon ɓarnar.

Sai ta ɗauko tsintsiya, ta tara gyaɗar wuri ɗaya. Ta kasa ta gida uku daidai wa daida, ta zuba a kan tabarmin. Ta mayar da takardun, ta danne su da duwatsu. Wurin ya koma kamar ba abin da ya faru.

Mahfuza ta dawo da la'asar, ta tambaye ta ko lafiya. Auta ta ce lafiya lau.

Bayan kwana biyu gyaɗa ta bushe, Mahfuza ta auna. Tsibi na farko da na biyu da na uku duk nauyinsu kusan ɗaya. Ta sake aunawa, haka ta gani. Abin ya ɗaure mata kai, domin tun a gona ta ga iri ɗaya ya fi sauran 'ya'ya. Ta ɗebo kaɗan daga tsibi na farko ta ɓare. Sai ga jar ƙwaya, ga fara, ga mai ruwan ƙasa, duk a tsibi ɗaya.

Mahfuza ta zauna a kan turmi tana kallon gyaɗar. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Washegari ta buga wa Malama Zuwairatu waya. Malama Zuwairatu malamar gona ce a Safana. A jami'ar su Mahfuza ta yi karatu, shekara takwas da suka wuce. Bayan ta gama ta dawo gida tana koya wa manoma yadda za su adana iri. Manoman Yasore da Karare duk sun san ta, saboda tun da suka bi shawararta ƙwari suka daina cinye musu rumbu. Ita ce ta ara wa Mahfuza sikeli.

Malama ta zo da hantsi a kan babur. Bayan an gaisa da Inna, an tambayi gida da aiki, ta durƙusa ta duba gyaɗar. Ta ɓare wajen ashirin. Sannan ta ce da alama tun wajen shuka irin ya cakuɗe.

"In haka ne, aikin ya tashi," in ji ta. "Ba wanda ya san nawa aka shuka daga kowane iri. Sai dai ki jira damina mai zuwa ki sake."

Mahfuza ta ce wato 'yan ajinsu za su gama su bar ta ke nan. Malama ta ce haka ne. Mahfuza ta ce laifinta ne, wataƙila ita ta haɗa su ranar shuka ba ta lura ba.

Auta tana bakin ƙofar ɗakin Inna, tana jin komai. Ta ji kamar ta shige ɗaki ta ɓuya. Ta dubi yayarta, ta ga tana share ido da gefen mayafi. Sai ta taso a hankali ta durƙusa a gabansu.

"Yaya, ba ke ba ce. Ni ce."

Ta faɗi komai, tun daga fitarta wasa har zuwa shara da kasawa. Ba ta rage komai ba.

Inna ta ce za su gamu anjima.  Sai Malama Zuwairatu ta tambayi Auta ko ta tabbata kafin awakin su shigo kowane tsibi yana wurinsa. Auta ta ce ta tabbata.

"To, aikin bai tashi ba," in ji Malama. "In a tsakar gida suka haɗu, za a iya raba su. Launin ƙwayar kowane iri daban ne. Sai dai fa a ɓare su duka, ɗaya bayan ɗaya."

Ta kuma gaya wa Mahfuza ta sanar da malaminta na jami'a, ta rubuta a cikin bincikenta cewa awaki sun ci kaɗan. Ta ce a jami'a an koya musu kada mai bincike ya ɓoye abin da ya faru, ko da ba shi da daɗi.

Inna ta yanke hukunci. Auta ba za ta fita wasa ba sai an gama ɓarar gyaɗar nan. Kullum in ta dawo daga makaranta ta ci abinci, sai ta zauna da kwanoni uku a gabanta. Ja a nan, fara a nan, mai ruwan ƙasa a can. Yatsunta suka yi ja, suna zafi. Tana jiyo muryar su Tasalla a waje, ba ta tashi ba.

Kwana biyu na farko Mahfuza tana ɓara a gefenta ba ta yi mata magana. A rana ta uku ta fara ba ta labarin jami'a. Ta gaya mata yadda suke sammako zuwa gonar makaranta, da ɗakin gwaji inda ake duba ƙasa, da ɗakin karatu mai hawa biyu. Auta ta yi ta tambaya, ita kuma tana amsawa.

Kwana tara suka yi kafin su gama. Da aka auna, mai jar ƙwaya ta fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Malamin Mahfuza ya karɓi aikin, ya yaba. Ta gama tare da 'yan ajinsu.

Ranar yaye ɗalibai Baba ya ɗauki mota, duk gidan suka tafi. Malama Zuwairatu ma ta je, aka zaunar da ita a layin tsofaffin ɗalibai. Da aka kira sunan Mahfuza, Auta ta miƙe tsaye tana tafi har sai da Inna ta ja ta ta zaunar.

A hanyar dawowa Baba ya tambayi Auta abin da ta koya. Ta ce in an ba mutum amana, ya tsare ta. In kuma ya yi kuskure, ya faɗa da wuri, domin ɓoyewa ita ce ta fi kuskuren ɓarna.

Baba ya ce ta riƙe wannan da kyau. Mahfuza ta cire hular digirinta ta ɗora wa Auta a ka, haka ta shiga Batsari da ita.