Sawun Kallamu a Bakin Rafin Asata

A daminar 1966 Hausawan Inugu kowa na ɗaure kaya, ana rububin jirgin ƙasa zuwa Arewa. Ana cikin haka Dije ta sami Kofur Arzika, ɗan sanda mai binciken sawu, ta ce mijinta Kallamu mahauci ya je rafin Asata wanke wuƙaƙe tun jiya, bai dawo ba.

Rana na shirin faɗuwa Arzika ya gangara rafin da garin filasta na ɗaukar siffar sawu a jaka.

Bai sha wahala ba. Ga sawun ƙafa a taɓo, ta hagu ba babban yatsa, kamar yadda Dije ta kwatanta. Sawun takalma barkatai sun kewaye shi. A jikin ƙaya ga ƙyallen shuɗin saƙi, zaren ya yage ta inda aka fizga, gefensa ya bushe da jini. Daga nan sai alamar an ja mutum har cikin ruwa.

Arzika ya gane. Duk da haka ya tsuguna ya dama filasta ya zuba a sawun, ko da yake ya san ba alƙalin da zai duba.

Kwaɗi suka yi tsit.

Ƙarnin mayanka ya taso.

Caɓal. Taɓon da ke gefensa ya lotsa, ba kowa a kai. Ƙafar hagu, ba babban yatsa. Ruwa na tsattsafowa cikinta.

Sai wasu sawun suka fara fitowa daga rafi. Na maza, na mata, har da ƙanana. Duk sun fuskanci tasha.

A daidai kunnensa aka yi raɗa: "Kofur, jirgin ya tashi?"

Ya zabura. Aka riƙe masa riga ta baya, sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya fizga, rigar ta kece, ya haura gangaren da rarrafe yana salati.

Da safe ya kai wa Dije ƙyallen, ya roƙe ta ta bi jirgin yau. Ta shafa ɗinkin da ta yi da hannunta a jikin ƙyallen, sannan ta nuna masa bakin ƙofa. Jiƙaƙƙen sawu ne a kan siminti, ya shiga ɗaki, bai fito ba.

"Ya dawo," in ji ta. "Ba zan bar shi shi kaɗai ba."

Arzika ya hau jirgi. Yaƙi ya rufe hanya. Da aka buɗe ya koma unguwar Asata neman ta, ya tarar da ciyawa ta cinye gidan, kuma ba wanda ya taɓa jin sunanta.