Ɗumin Da Ya Ruɗi Na'ura

Ranar da ta fara shiga ɗakin na'ura, ta tarar da shi durƙushe yana ɗaure bututun sanyi. Suna haɗa ido sifana ta suɓuce masa. Tun daga nan take kiransa Mai Sanyi, shi kuma yana ce mata Daktata, alhali digirin bai zo hannu ba.

Aikinta auna hasken taurarin da ke kusa da mu, hasken nan na zafi da ido ba ya gani. In wata duniya tana zagaya tauraro takan ɗan ja shi, sai na'urar ta nuna haskensa yana rawa. Shi kuwa an ɗauke shi ne ya hana ɗumi kusantar na'urar.

Da ya tura manyansa neman aurenta, Babanta ya ce babu zancen aure sai ta gama karatu. Karatun kuma ba zai ƙare ba sai ta gano wani abu.

Kwatsam sai ga hasken wani tauraro yana rawa a kai a kai. Ta tura masa saƙo: "Mai Sanyina, na ga duniya! Fara neman gida."

Ana gab da gabatar da sakamakon, ya tafi jinyar mahaifiyarsa. Rawar ta tsaya cak. Yana dawowa, ta dawo.

Ganin haka, ta tsare shi da tambaya. Ashe duk ranar da ta zo ofis, Mai Sanyi yakan laɓe kusa da na'urar yana leƙenta ta gilashi. Ɗumin jikinsa na'urar take aunawa.

"Wato babu wata duniya?" ta ce.

Ya ce babu. Su biyu kaɗai suka sani, kuma shiru zai kai su ga aure. Duk da haka ta janye sakamakon, ta je ta faɗa wa Baba tana kuka.

Baba ya sa aka kira masa yaron.

"In ban ba ka ita ba, haka za ka yi ta zarya kana lalata wa mutane na'ura, ita ma ba za ta taɓa gamawa ba. Turo manyanka. Ka riƙa kallonta a gida."

Mai Sanyi ya zube ƙasa yana godiya.

Ranar da aka ɗaura aure, Baba ya dafa kawunansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma, 'yata, koma ki nemo mana duniya ta gaske."