Hutun Da Bai Iso Hannun Nafi Ba

Almakashin ya riga ya wuce kafin Nafi ta gane abin da ta yi.

Ta tsaya tana kallon leshin amarya a kan teburin yanka. Gaban rigar ta raba biyu. Daga kasuwar Makola aka sayo leshin, uwar amarya kuma ta faɗa da bakinta cewa shi ne na ƙarshe a wurin mai sayar da shi. Biki ranar Lahadi.

Kekunan ɗinki suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Wadia, wadda kekenta ke bakin taga, ta leƙo ta ce, "Ei... yau gwanar gida ce da kanta?"

Babu wanda ya yi dariya.

Imurana ya taso daga kujerarsa. Shi ne babba a cikin ma'aikatan shagon Hajiya Amama da ke unguwar Nima a birnin Ankara, shi ke raba wa kowa aikinsa. Shi ne kuma wanda iyayensa suka kai goron neman auren Nafi. Ya ɗaga leshin, ya juya shi, ya ajiye.

"Nafi, me kika yi mini haka?"

Tana tsaye a gabansa. Bai kalli fuskarta ba.

Nafi ba sakarar yarinya ba ce. A shagon nan babu mai tsabtar ɗinki kamarta. A da tana zuwa aiki da waƙa a bakinta. Tun bayan Sallah waƙar ta mutu. Kai ya riƙa sara mata, abinci ya daina shiga, ta fara manta awon da ta ɗauka da hannunta. Sau da yawa barci ya ɗauke ta a cikin motar haya ta trotro har a wuce da ita unguwar Alajo, inda gidansu yake. Ta kai ko ƙarar keke ta ji daga gidan maƙwabta sai gabanta ya faɗi.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da ta yi niyyar magana, sai Imurana ya zo da sabon yadi ya ajiye mata, ya sassauta murya.

"Nafina... hannunki kaɗai na yarda da shi."

Sai ta karɓa. Ta ɗauka so ne.

Mahaifinta, Malam Jalilu, tun farko bai so yaron ba. Ya ce bakinsa ya cika zaƙi. Uwarta da 'yan'uwa suka yi ta roƙo har ya haƙura ya karɓi goron.

Hajiya Amama ta fito daga ɗakin baya. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana. Ta dubi leshin, ta dubi Nafi, ta ce kowa ya koma kan aikinsa. Sannan ta kama hannun yarinyar ta shiga da ita ciki, ta tura ƙofa.

Nafi ta durƙusa za ta ba da haƙuri. Hajiya ta ce ta tashi ta zauna a kujera. Ta aika aka sayo koko da ƙosai, ta ce ba za a yi wata magana ba sai kofin ya zama wayam. Nafi ta sha tana hawaye.

Da ta gama, Hajiya ta ce ba leshi ne ya dame ta ba. Yadi ne, ana yankawa ana gyarawa.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, 'yata. Me ya sa kika ƙi hutun da na ba ki?"

Nafi ta ɗago.

"Wane hutu, Hajiya?"

Hajiya ta gyara zama. Sannan ta faɗa mata. Tun bayan Sallah ta lura da ramarta da jan idonta. Ta kira Imurana ta ce a riƙa ba Nafi kowace Juma'a ta zauna a gida, a kuma ɗauke mata kayan amare har ta dawo daidai. Washegari ya dawo ya ce Nafi ta ƙi. Ya ce har ta yi fushi, wai an raina ƙarfinta. Da Hajiya ta sake tambaya daga baya, ya ce ita ke roƙon a ƙara mata.

Nafi ta ji kamar ƙasa ta zame daga ƙarƙashin kujerar.

"Bai taɓa faɗa mini ba..." Ta girgiza kai. "Wallahi, Hajiya, bai taɓa ba."

Aka kira Imurana.

Da farko ya ce mantuwa ce. Hajiya ta tambaye shi yadda mutum ke manta saƙo amma ya tuna ya kawo amsarsa. Ya sunkuyar da kai. Daga nan gaskiya ta fara fitowa. Hajiya ta taɓa cewa za ta buɗe sabon shago a unguwar Kotobabi, ta damƙa shi ga wanda ya nuna ya iya riƙe aiki. Imurana ya sa wa ransa shagon. Ya so a ga cewa a hannunsa ɗinki bai taɓa makara ba.

Hajiya ta ce ma'aikata nawa ne a shagon, me ya sa duk nauyin ya tafi kan mutum ɗaya.

"Hajiya, in na kai wa Wadia za ta ce ba ta yi. Sauran ma da bakinsu." Ya dubi Nafi. "Nafi ce ba ta taɓa ce mini a'a ba."

Ya faɗe shi kamar yabo ne.

Nafi ta tambayi ina Juma'o'in suka tafi. Ya kau da kai. Ita ta tuna da kanta: Wadia ce ke ɓacewa kowace Juma'a. Ashe Wadia ta ji lokacin da Hajiya ke ba da saƙon. Ta same shi ta ce ko ya ba ta ranar, ko ta tona. Ya ba ta. Ta riƙa cin hutun tana kallon Nafi na ƙarewa, tana kuma jiran ranar da abin zai fashe tsakaninsu, don ita ma ta daɗe tana son sa.

Imurana ya matso. "Don mu na yi, Nafina. Shagon nan namu ne, ni da ke..."

Ta janye ƙafarta daga kusa da shi.

Hajiya ta ce ya fita ya ba su wuri. Ta juyo ga Nafi ta ce ita ma tana da nata kason a wannan ɓarna, tun da ta ga yarinya na lalacewa amma ta aika wani maimakon ta zo da kanta. Ta ce daga yau ba a aike tsakaninta da masu yi mata aiki.

Ranar nan Hajiya ta naɗe leshin ta tafi gidan amarya da ƙafarta. Ta ce shagonta ne ya yi kuskure, ba ta ambaci sunan kowa ba. Uwar amarya ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Hajiya ta tsaya ta shanye. Ta dawo ta zauna a keke da kanta, ta rufe yankan da surfani tun daga wuya har ƙasa. An sa rigar ranar biki. Uwar amarya ba ta sake kawo ɗinki ba.

Aka tura Nafi gida ta huta. Kwanakin farko barci kawai ta yi. Hajiya takan biyo Alajo da yamma, su zauna a tsakar gida. Ba wa'azi take yi ba, tambaya take yi. Riga nawa hannunki ke iya gamawa da kyau? Ina ne jikinki ke fara gaya miki ya gaji? Ta sa ta riƙa faɗin magana ɗaya da ƙarfi har bakinta ya saba: "Hannuna ya cika, a kai wa wani." Da farko Nafi kunya take ji. Hajiya ta ce ta maimaita, ko ita Hajiyar ce ta kawo aikin haka za ta faɗa mata.

A shago kuma rabon aiki ya koma hannun Hajiya. Kowa ya samu ranar hutunsa a sarari, kowa ya san ta kowa. Imurana ya koma kan keke kamar sauran. Wadia ta ji kunyar zama, ta kwashe kayanta ta bar shagon.

Gwaggon Imurana ta zo gidan Malam Jalilu. Ta ce wace irin yarinya ce za ta ɓata aure a kan ɗinki, ai kowa aiki yake yi a Ankara, ba wanda ya mutu. Uwar Nafi ta goyi bayan a yi haƙuri, ta ce an riga an faɗa wa dangi har Kumasi. Malam Jalilu ya saurare su duka. Bai ce ai ya faɗa tun farko ba. Ya ce shi ya karɓi goro, amma ba shi zai zauna da yaron ba. A tambayi mai zaman.

Imurana ya zo bayan la'asar. Ya rame. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, Nafi ta zauna a ɗan nesa. Ya ba da haƙuri sosai, har muryarsa ta karye. Ya ce ya bar maganar Kotobabi, ba ya so. Ya ce tun ranar nan bai ci abin kirki ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba, yana son ta. Ita ma da ta gan shi sai da zuciyarta ta motsa.

Ta bar shi ya gama.

"Akwai ranar da na ce maka idona ba ya ganin ramin allura," in ji ta. "Na ce kaina kamar zai tsage. Ka tuna?"

Ya gyaɗa kai.

"A ranar, Hajiya ta riga ta ba ka saƙon?"

Ya kalli ƙasa. Wata mai talla ta wuce a lungu tana kiran kayanta.

"Ta ba ni."

"Ka fita da gudu ka sayo mini maganin ciwon kai. Ka ɓare da hannunka, ka miƙo mini ruwa." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Na dawo gida na faɗa wa Mama babu wanda ya kai ka tausayi... Ashe so kake in gama rigar."

"Nafina..."

"Kada ka sake kira na haka."

Ya ce ta ba shi lokaci, zai canza. Ta ce mai yiwuwa ya canza, kuma tana yi masa fatan haka. Amma ita duk ranar da ya yi mata alheri za ta tsaya tana neman abin da ke bayansa. Ta ce ba za ta iya zaman aure a haka ba.

Ta miƙe ta je ƙofar ɗakin mahaifinta, ta durƙusa.

"Baba, a mayar musu da kayansu."

Malam Jalilu ya dube ta. Ya tambaye ta sau ɗaya ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Ya sa hularsa, ya ce a fito da akwatin kayan auren da suka kawo.